Na'urar zuba wa kifi abinci: abin da na gani a damina da hunturu

Na'urar nan da ke zuba wa kifi abinci da kanta tana aiki, kuma ban yi da-na-sanin sayenta ba. Amma duk wanda ya ce maka za ka kafa ta a bakin tafki ka tafi harkarka shi ke nan, bai faɗa maka gaskiya ba. Tawa tana kan tafkin siminti na tarwada a bayan gidanmu a Kano, ta sha ruwan damina, ta sha ƙurar hunturu.

Abin da ya sa na saye ta shi ne wuni nake yi a kasuwa, tarwada kuwa ba ta ƙaunar a saɓa mata lokaci. In yunwa ta kama ta, manyan sai su fara haɗiye ƙananan. Ga abinci, wanda shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo, bai kamata a bar shi a hannun yaro yana watsawa yadda ya ga dama ba. Ta wannan fannin na'urar ta biya ni. Lokaci na yi za ka ji ta tashi, kifin ma sun gane ƙararta, kafin ƙwayar farko ta taɓa ruwa sun taru.

Ƙirarta ba ta da wuyar ganewa. Akwai mazubin roba mai murfi, a ƙasansa murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe, shi ke turo abincin zuwa kan wani ɗan faifai mai juyawa da ke watsa shi. Sai agogon da ake saita lokaci, da batir mai bolt 12, da ƙaramin farantin sola.

Matsalar farko a watan Agusta ta zo. Inji na gurnani, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta fita. Da na cire batir na juye mazubin, abincin saman lafiya lau yake, na ƙasan kuwa ya kumbura ya dunƙule ya manne wa ƙarfen, ga farar fumfuna a jikinsa, ga warin tsami. Ta hanya biyu laima ke shiga: bakin murfin bai kama sosai ba, sannan da dare tururin tafkin na hawowa ta ƙofar da abincin ke fita, ban da ruwan da tarwada ke fantsamawa in tana wawaso. Na kankare da tsohon buroshin haƙori, na shanya komai a rana, na yanko robar tsohon tiyub na zagaye bakin murfin da ita. Na ƙara wa na'urar tsayi, na yi mata 'yar rumfar kwano. Tun daga nan, da damina abincin 'yan kwanaki kawai nake zubawa. Wanda ya yi fumfunar kuma, don Allah kada a ce asara ce a ba kifi shi. Gubar fumfuna hanta take taɓawa, gara a binne shi. Haka nan kada a shafa giris ko baƙin mai a ƙarfen da abinci ke bi.

Matsala ta biyun da hunturu ce. Abincin da a da yake kaiwa tsakiyar tafki ya koma zubewa a gindin na'urar, wataran kuma in tarar agogon ya goge duk abin da na saita. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, ina tunanin injin ne ya mutu. Bai ko kwance ta ba, mita ya ɗora wa batir ya ce, "Malam, injinka ƙalau yake, wuta ce ba ta isarsa. Yaushe rabon da a goge solar nan?" Ƙura ce ta lulluɓe farantin, hazo kuma ya rage ƙarfin rana, bakin wayoyin batirin duk sun yi kore. Irin wannan batir in ya cika yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12 to ya yi ƙasa ƙwarai, kuma yawan barinsa yana ƙarewa tas shi ke kashe shi da wuri. Baba ya goge bakin wayoyin da samfefa, ya shafa ɗan basilin, ya ɗaure. Batirin irin na cikin UPS ne, wato akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ana samunsa a Kasuwar Sabon Gari, wannan kuwa babban sauƙi ne.

Ya koya mini wata dabara da ta fi takardar bayanin da ta zo da na'urar amfani. In ta ƙi tashi, a fara da fiyus, sai batir, sai wayoyi, sai a duba ko abinci ne ya toshe. In duk lafiya, a zare wayoyin injin biyu a ɗora su kai tsaye kan batir na ɗan lokaci kaɗan. Ya juya, laifin agogo ne. Bai juya ba, sannan a zargi inji. A kiyaye yatsu dai, ƙarfen nan yana da ƙarfi.

Wani abin da mai sayarwa bai gaya mini ba: agogon daƙiƙa yake ƙirgawa, bai san nauyi ba. Abinci mai milimita 2 ba ya fita daidai da mai milimita 6 a lokaci guda. Don haka duk sanda na canza girman ƙwaya, sai na ɗaura buhu a bakin na'urar, in kunna ta daƙiƙa 10, in auna abin da ya fito a sikeli, sannan in lissafa. Mai milimita 9 kuwa tawa ba ta jure shi, yana maƙalewa.

Inda na fi son mai kiwo ya natsu shi ne maganar sanyi, don nan ne na'urar ke iya yin ɓarna alhali ba abin da ya lalace a jikinta. Tarwada ta fi cin abinci in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. A Disamba da Janairu ruwan tafki yakan yi sanyi ƙalau da asuba, kifin ya lafe a ƙasa, cinsa ya ragu sosai. Na'ura ba ta san da haka ba, abin da aka saita mata tun zafi shi za ta ci gaba da zubawa. Ragowar ya jiƙe ya nutse ya ruɓe, ruwa ya yi wari, amoniya mai cutar da kifi ta taru, kuɗin abinci ya tafi, ga kifi cikin haɗari. Ni da sanyi ya shigo nakan ɗage na safe zuwa hantsi sosai, in rage yawansa. Abinci mai yawo a saman ruwa nake amfani da shi, don in ga abin da ya saura. Na yamma kuma da hannuna nake bayarwa, saboda yadda kifi ke kai wa abinci cafka shi ke fara nuna maka ko lafiyarsa ƙalau. Ranar da aka ware manya da ƙanana, ko aka sauya ruwa, a kashe ta tukuna sai sun huce.

Ƙorafina a kanta: robar mazubin ta fara kodewa da rana, madannan agogon ƙanana ne ƙwarai, bayanin kuma da Turanci kaɗai ne. Ɓeraye sun gwaguyi gefen murfi sai da na sa ragar ƙarfe. Tururuwa ma tana hawa, maganinta a tsoma ƙafafun na'urar cikin gwangwanayen ruwa. Kada a kuskura a fesa maganin ƙwari a kusa da tafki, kaɗan ya isa ya kashe kifi.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai tafki ɗaya ko biyu, wanda zai iya leƙawa safe ko yamma, za ta yi masa amfani. Wanda yake gida kullum, gara ya sa kuɗin a abinci mai kyau. In za ka saya, sa a kunna maka ita a shagon da irin abincin da kake bayarwa, ka danna murfin ka ga ko yana kamawa, ka kuma tambaya ko ana samun agogon da injin daban in sun lalace.