Zinari da Fairait: Yadda Ake Bambance Su

Ɗan'uwanmu da ya fara karatun ilimin duwatsu ya yi tambaya cewa, tun da zinari da fairait duka rawaya ne kuma duka suna ƙyalli, me ya sa malamai suke cewa ba abin da ya haɗa su, kuma da me mutum zai raba su idan babu ɗakin gwaje-gwaje a kusa? Malam, amsar a taƙaice ita ce launi shi ne shaida mafi rauni wajen gane ma'adini, kuma waɗannan biyun sun sha bamban tun daga sinadarin da aka gina su da shi.

Zinari sinadari ne guda ɗaya tak, wanda ake rubutawa da alamar Au, ko da yake wanda ake haƙowa daga ƙasa yakan zo gauraye da azurfa kaɗan. Fairait kuwa haɗin baƙin ƙarfe ne da farar wuta, ana rubuta shi FeS2, kuma farar wutar ta ɗan haura rabin nauyinsa. Duk sauran bambancin da za a gani da ido ko a ji a hannu daga nan ya samo asali.

A fara da tauri. A ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, zinari yana tsakanin 2.5 da 3, fairait kuma yana tsakanin 6 da 6.5. Wuƙa da gilashi suna wajen 5.5, saboda haka bakin wuƙa zai yi wa zinari zane cikin sauƙi, amma zai zame a kan fairait, shi kuma fairait ɗin zai iya karce gilashin taga. Idan aka ɗora ƙwaya ɗaya a kan maƙera aka buga da guduma, zinari zai baje ya zama falle ba tare da ya tsage ba, fairait kuwa zai farfashe ya zama gari, wani lokaci har da tartsatsin wuta da warin farar wuta. Dalili shi ne ƙwayoyin zarra na zinari suna iya zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba, na fairait kuwa a ɗaure suke tamau, ba sa lanƙwasa sai dai su karye.

Nauyi shi ne shaidar da na fi amincewa da ita. Tsantsar zinari ya ninka ruwa nauyi sau 19.3, fairait kuma kusan sau 5 kawai, wato idan girmansu ɗaya ne zinari ya kusa ninka shi sau huɗu. Wannan ne sirrin aikin masu wankin zinari a bakin rafi: yayin da suke juya kasko cikin ruwa, yashi da tsakuwa suna fita ta gefe, fairait yana ɗan jinkiri kafin ya bi su, zinari kuwa yana kwanciya a gindin kaskon tare da baƙin yashi, ba ya son motsawa.

Sai zanen gari. A goga ma'adinin a bayan tayil ko gindin kofin tangaran inda babu santsi. Zinari yana barin layi rawaya irin launin jikinsa, fairait kuwa yana barin layi baƙi mai sirkin kore, kuma wannan gwaji kaɗai yakan kashe gardama. Siffa ma tana taimakawa, domin fairait yakan fito da kusurwoyi shar kamar sukari mai iyali, da 'yan siraran layuka a fuskokinsa, alhali zinari ya fi zuwa a matsayin ɓarɓashi ko dunƙule marar tsari.

Ta fuskar sinadari, zinari ba ya tsatsa, kuma asid ɗin naitirik shi kaɗai ba ya cin sa, sai an haɗa shi da na haidirokulorik. Fairait kuwa idan ya daɗe cikin iska da danshi yana ruɓewa, ya bar jar tsatsa da asid ɗin salfiyurik, abin da ke gurɓata ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai. Ina roƙon kada kowa ya yi gwajin asid ko daka dutse a gida. A 2010 ɗaruruwan yara sun rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda duwatsun zinarin da ake niƙawa cikin gidaje suna ɗauke da dalma mai yawa.

Kada kuma a ɗauka ganin fairait yana nufin babu zinari a wurin. Sau da yawa ana samun su tare a jijiyar farin dutse ɗaya, kuma fairait yakan ɓoye zinari ƙanana ƙwarai a cikinsa waɗanda ido ba ya gani, wuƙa da tayil ba sa nunawa. Wannan sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje an narka an auna kafin a san ko akwai shi da kuma yawansa.