Na je kallon Forest Green Rovers, kulob ɗin da ba a sayar da nama a filinsa

Ni dai ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, kuma da Allah ya kai ni Ingila wani kwas na sati uku babban burina in ga ƙafata a Emirates, amma tikiti ya fi ƙarfin aljihuna. Abokina da ke zaune a Landan ne ya ce to mu je Nailsworth mana mu kalli Forest Green Rovers, ai Bellerin naku ma ya zuba jari a kulob ɗin tun 2020. Na ɗauka zolaya ce, ashe da gaske yake.

Daga tashar Paddington muka hau jirgin ƙasa zuwa Stroud, wajen awa ɗaya da rabi, sai bas zuwa Nailsworth. Garin ɗan mitsitsi ne, mutanensa ba su wuce dubu 6 ba, shi kuma filin nasu The New Lawn yana cin kusan mutum dubu 5, ka ga kenan saura kaɗan duk garin ya shige ciki. Filin can saman tudu yake, ni da rigima na ce mu taka da ƙafa ai ba nisa, wallahi kafin mu kai sau uku ina tsayawa ina haki ga iska mai sanyi tana yankar kunne, wata tsohuwa da sandarta ta zo ta wuce mu ko a jikinta.

Abincin ne ya fi tsaya min a rai. Mai kulob ɗin Dale Vince, mai kamfanin lantarki na Ecotricity, ya karɓe shi a 2010, kuma tun 2015 babu nama babu kifi babu ƙwai babu madarar shanu a duk abin da ake sayarwa a wurin, 'yan wasa ma abin da kulob ke ba su kenan. A hanya dariya nake ta yi ina cewa ƙwallo ba tsire ai an yi ba a yi ba. To amma duk wanda ya zauna ƙasar Turawa ya san wahalar tsayawa gaban mai abinci kana tambayar ko da alade a ciki, layi na bayanka ana kallonka. Nan kam hankalina kwance na nuna da yatsa aka zuba min. Na ci wani abu mai kama da mitfai da suke kira Q Pie, da soyayyen dankali da romo a kai, da zafinsa, ya yi daɗi fiye da zatona duk da harshena ya nemi yaji bai samu ba. Shayin da madarar hatsi ake haɗa shi, kurɓar farko na yamutsa fuska, ta uku na saba.

Ciyawar filin ba takin zamani ba maganin feshi, ruwan sama suke tarawa su yi ban ruwa, ga sola a saman rufi, shi ya sa FIFA a 2017 ta ce babu kulob ɗin da ya kai su kula da muhalli a duniya.

Ƙwallon kuwa kar ka je da tunanin Firimiya. Sun hau har League One, mataki na uku a ƙwallon Ingila, a 2022 sannan suka faɗo shekara biyu a jere zuwa National League, mataki na biyar, wasan ƙarfi ne da dogayen ƙwallaye da karo. Amma kusancin fa! A tsaye muka kalla bayan raga, ina jin gola yana yi wa 'yan bayansa tsawa, ina jin ƙarar takalmi in ya haɗu da ƙauri, abin da talabijin ɗin gidan kallo bai taɓa jiyar da ni ba. Wani dattijo kusa da ni da ya ji daga Najeriya nake sai ya hau tambayata Okocha, ya kuma ba ni labarin ranar da suka ci Tranmere 3-1 a Wembley a 2017 kamar jiya aka yi.

Zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan tudun nan ne ya cinye shi. In za ka je lokacin hunturu ka haɗa azahar da la'asar kafin a take wasa ƙarfe 3, don kafin a tashi magariba ta yi, kuma ka sa safa biyu.