Gargaɗi ga 'yan uwa na Ingila: mai tsohon gado ya ci min fam 660

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ke zaune a Ingila ya karanta wannan har ƙarshe ya tura wa wani, wallahi har yanzu raina tafasa yake. Akwai wani mutum mai tallan tsofaffin gadaje a Facebook Marketplace, ya ci min fam 660. Fam 660 fa! Gado fam 380, katifa fam 220, kuɗin kawowa fam 60. Ku haɗa da kanku ku gani.

Kuma tun kafin wani ya zo ya fara min wa'azi, ni ba yarinya ba ce, ba yau na fara sayen kayan hannu a ƙasar nan ba. Kujerun falona na hannu ne, teburin cin abincinmu na hannu ne, ban taɓa samun matsala ba. Kuma ba gani na yi kawai na tura kuɗi ba, sai da na yi tambayoyi, sai da na auna ɗaki, sai da na ce ya turo bidiyo, ya turo.

Abin da ya faru shi ne Hajiyarmu za ta zo ta ɗan kwana biyu wajenmu, kuma kun san ƙaramin ɗakin nan na gidajen nan, wanda in ka sa gado mai faɗin ƙafa huɗu da rabi (santimita 135) sai dai ka dinga shiga a karkace don ƙofa ba za ta buɗu sosai ba. Mai ƙafa uku kuma na mutum ɗaya ya yi mata kaɗan, tsohuwa ce mai son ta juya, ga jikoki da za su dinga haye mata. Shi ya sa nake neman na tsakiya, mai ƙafa huɗu, santimita 120 faɗi 190 tsawo. To ina cikin dubawa na ci karo da wannan gadon, baƙin ƙarfe da tagulla a kawunan, kai jama'a gado ne mai kyau. Ina ganinsa na tuna gadon ƙarfe mai rumfa na ɗakin kakata, na ce wallahi Hajiya za ta ji daɗin wannan fiye da na katakon nan na yanzu da in ka kwance shi ka sake ɗaurawa sai ya fara ƙara.

Ya ce gadon mahaifiyarsa ne da ta rasu, suna kwashe kayan gidan. Wai tun zamanin sarauniya Victoria aka yi shi a Birmingham. Na bincika, lallai Birmingham ta yi suna wajen ƙera gadajen ƙarfe da tagulla a wancan lokacin, ita kuma sarauniyar ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, duk abin da ya faɗa ya hau. To ta ina zan gane?

Amma ga inda ya kama ni, kuma wannan maganar ce take ta dawo min a kai ko bacci na kwanta. Na ce masa zan tura kafin alƙalami don kar wani ya riga ni, sai ya ce a'a, kar ki tura komai tukuna, je ki auna ɗakin da kyau, ba na so ki sayi abin da ba zai shiga ba. Kun ji? Kar ki tura komai tukuna. Shi da bakinsa. Ina da saƙon muryar har yanzu, muryar dattijo a nitse. Ni ce nake cewa zan biya yana cewa in dakata. Wane ɓarawo ne zai ce kar ka ba shi kuɗi? Ko baban yara da na kunna masa cewa ya yi ai wannan mutumin kirki ne, yanzu kuma shi ne yake cewa dama shi hankalinsa bai kwanta ba, to Allah ya kyauta.

Sannan ya zauna ya min bayani kamar malami. Ya ce tsofaffin gadaje ba kamar na yanzu ba ne, a da kowane maƙeri da nasa awon, wasu sun gaza 190 a tsawo, in ka ɗora katifar kanti sai ta ƙi zama ko ta cure a wajen ƙafa. Ya ce ba su da katakan shimfiɗa a ƙasa, sai an yi musu abin da katifa za ta hau a kan ƙarafunan gefe. Kuma abin haushin duk gaskiya ne, daga baya na tambayi masu sana'ar sun ce haka yake. Da gaskiyar ya yaudare ni. Daga nan ne ya ce yana da wanda yake ɗinka katifa daidai awon gado, zai sa a min a fam 220, wai in na je da kaina sai na biya fiye da haka. Fam 220 na katifa sabuwa dal, inji shi.

Af na manta, kafin maganar katifar ma na ce zan zo in gani da idona. Ya ce gidan yana can kudu nesa da mu, kuma ranar Asabar za su miƙa makulli, in ban yanke shawara ba wata mata tana jira. Ko bayan katifar ne ya faɗi maganar matar, oho, yana dai cikin hirar za ku gani. Na so in biya ta PayPal na sayen kaya mai kariya, ya ce shi tsoho ne bai iya waɗannan abubuwan ba, sai dai taransifa ta banki. Sunan da ke akawun ɗin ba nasa ba ne, ya ce na 'yarsa ce ita ke riƙe dukiyar da marigayiyar ta bari. Ku gaya min, a namu ma ba haka ake yi ba? Ana rasuwa wani ne yake riƙe kuɗi. Na tura 380, da yamma na tura 220, sai 60 na mai mota da safe. Fam 660.

Kayan sun zo fa. Wani yaro ne da farar motar kaya ya sauke a bakin ƙofa ya ce sauri yake, ko shigo da su bai yi ba. Ina kwance ledar na ga abu ba daidai ba. Na ɗauko tef na auna: ɓangaren kai santimita 135, ɓangaren ƙafa 120. Gadaje biyu ne daban aka haɗo min, kamar kan raƙumi da gindin jaki. Tagullar da na gani tana ƙyalli a hoto fenti ne mai ruwan zinare, na sa farce na kankare ya fita, tsatsa a ƙasa. Ƙarafunan gefe kuwa babu su kwata-kwata, ko ɗaya. Su kuma waɗannan gadajen ƙarafunan gefen su ne gadon, don bakinsu wani dunƙule ne mai tsukewa da yake zamewa cikin rami a jikin ƙafar gadon ya cije, babu noti babu ƙusa, kuma na wannan maƙerin ba lallai ya shiga na wancan ba. Ba abu ne da za ka shiga kanti ka saya ba.

Katifar kuma, innalillahi. Katifar fam 220 da aka ce za a ɗinka min. Tsohuwa ce an naɗe ta a leda, tsakiyarta ta lotsa, ga wani tabo ruwan ƙasa a gefe, ga warin taba sigari. Ko takardar nan ta kariyar gobara da ake ɗinkawa a jikin katifa an yanke ta, wanda in babu ita ko shagunan sadaka ba za su karɓa kyauta ba. Yanzu sai na biya an zo an kwashe min ita. A kan wannan zan kwantar da uwata?

Na kira, waya a kashe. Na koma Facebook, ya yi bulokin ɗina, tallan ma ya goge. Ƙanwata ce ta sa hoton gadon a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sai ga shi ya fito a shafin wani shagon kayan tarihi, hoton mutane ya sata, bidiyon ma ina zargin nasu ne. Wai gadon mahaifiyarsa. Allah ya isa, ko uwar ma ta mutu ko tana nan da ranta shi ya sani.

Na kira banki. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'ida a ƙasar nan cewa in an yaudare ka ka tura kuɗi da hannunka banki zai mayar maka, har zuwa fam 85,000, sai dai suna iya cire fam 100. Amma tambayar farko da matar bankin ta min ita ce, kaya sun zo? Na ce sun zo amma ba su ba ne. Sai ta fara min bayanin wai in kaya sun zo ba su yi maka ba ana iya ɗaukarsa saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa, shi kuma wannan ƙa'idar ba ta shafe shi ba. A nan na gane dalilin da ya sa ya wahalar da kansa ya aiko min da tarkacen nan. Da gangan ne, ya san dokar sarai. Na tura musu hoton da ya sata da hoton tef a jikin ƙarfen, suna dubawa, na kuma kai rahoto wajen 'yan sanda. Ba zan bar fam 660 ba wallahi.

Kar ki tura komai tukuna. Kai! Mutumin nan ya iya.

Zan sa hotunan hirar da rasit ɗin taransifa guda ukun anjima in na rufe lambobina. Ku dai kar ku biya tsohon gado sai kun gan shi a ɗaure da ƙarafunan gefensa kun auna da kanku, katifa kuma ku saya daban bayan gadon ya shigo gida. In an riga an cuce ku ku kira 159 a haɗa ku da bankinku. Duk wanda ya ga tallan gadon mamaci baƙi mai kawunan tagulla ƙafa huɗu ya min magana ta akwati, ina nemansa.