Na'urar awon hawan jini ta gida: wata bakwai a ɗakin Inna a Garwa, ƙasar Kamaru

Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma tun da likita ya tabbatar mata da hawan jini, wanda a nan aka fi sani da tansiyo, zuwa awo ya zame mata jidali, domin hawa babur daga unguwar Yelwa zuwa asibiti da zaman jiran layi sun fi ƙarfin gwiwoyinta. Shi ya sa na saya mata na'urar awo mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, a wani kantin magani kusa da babbar kasuwa, a kan sefa dubu 25. Mai kantin ya nuna mini ta wuyan hannu mai rahusa, amma na ƙi, saboda likitoci sun fi amincewa da awon damtse.

Sarrafa ta ba wuya: batir huɗu take ci, maɓallin kunnawa ɗaya ne, kuma lambobinta manya ne har Inna, wadda ganinta ya ragu, tana karanta su. Ranar farko dai hankalinta ya tashi da ta ga 150 da 95, alhali a asibiti ta saba jin 15 da 9. Sai da na bayyana mata cewa ma'aikatan lafiyarmu suna bin al'adar Faransa ta faɗin awo da santimita, na'urar kuwa da milimita take ƙidaya, don haka 14 da 9 shi ne 140 da 90, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa hawan jini. Ya kamata masu sayarwa su riƙa yi wa kowa wannan bayani, domin takardar da ke cikin kwalin babu Hausa ko Fulatanci a cikinta.

Na'urar tana da sharuɗɗa, kuma idan aka karya su sakamakonta ba abin dogaro ba ne. Dole mutum ya zauna shiru na minti 5, ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa, damtsensa daidai da ƙirji, kuma kada ya yi magana. Mafi wuya a gidanmu shi ne goro, wanda, kamar shayi da kofi, yake ɗaga awo, don haka ake barin sa rabin awa kafin a gwada. Kullum bayan sallar asuba ƙanwata takan ce, "Inna, ku ajiye goron nan tukuna, ku miƙo hannu," ita kuma ta mayar da shi bakin zanenta ta ɗaure, tana kallon allon har iskar ɗamarar ta sace.

Babban amfanin da na gani shi ne Inna ta daina yanke magani. A da, duk ranar da ta tashi garau sai ta ce ta warke, tun da cutar ba ta cika nuna alama ba. Da ta gani da idonta yadda lambar ta haura bayan kwana uku babu ƙwaya, ba wanda ya sake roƙonta. Har dunƙulen miya da gishiri ta sa aka rage mata.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗamarar da ta zo da ita matsakaiciya ce, ba ta zagaye damtsen gwaggona mai jiki, kuma matsattsiyar ɗamara tana ƙara lamba, ga shi samun babba a gari ya yi mini wuya. Ma'ajiyar awonta ma cakuɗa na kowa take yi idan maƙwabta sun zo a gwada su, don haka muka koma rubuta rana, lokaci da lamba a littafin makaranta. Sannan zafin Maris da Afrilu a bakin Binuwai yakan wuce digiri 40, shi ya sa muke ajiye ta a ɗaki mafi sanyi.

Ina ba duk mai tsoho a gida shawarar ya saya, da sharaɗin ya fara kai ta asibiti a gwada ta da ta likita, kuma kada kowa ya ƙara ko ya rage magani don abin da allo ya nuna. Idan lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 120, musamman tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji ko karkacewar baki, asibiti za a nufa nan take. Littafin Inna ya kusa cika, kuma a zuwanta na ƙarshe likita ya duba shi shafi-shafi kafin ya rubuta mata magani.