Rockford, Magnum ko Mannix: wane akwatin faifai ya cancanci kuɗinka?

Maganarmu kan tsofaffin shirye-shiryen talabijin na Amurka ce masu dogon zango, na masu bincike. Da farko a raba ɗan sanda da mai bincike mai zaman kansa, don masu sayarwa kan zuba su kwando ɗaya. Columbo, jarumin wani shirin bincike mai wannan suna, ma'aikacin 'yan sandan Los Angeles ne, albashi yake ɗauka. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda ake hayarsa, ya ci duka, wani lokaci ma a hana shi kuɗin aikinsa.

A wannan fage The Rockford Files ne ya fi cancanta a fara saya. Tashar NBC ta Amurka ta haska shi daga 1974 zuwa 1980, James Garner ne Jim Rockford, mutumin da aka ɗaure bisa kuskure aka yi masa afuwa, yana zaune a gidan tirela a Malibu. Farashinsa dala 200 a rana ban da kuɗin ɗawainiya, bindigarsa kuma a gwangwanin biskit take kwana saboda ba ya son faɗa. Zango shida ne, amma na shidan gajere ne domin jikin Garner ya gaza, don haka kada ka ga faifansa kaɗan ka zaci an cuce ka. Akwai kuma finafinai takwas da tashar CBS ta haska tsakanin 1994 da 1999. Sau da yawa daban ake sayar da su, ko da an rubuta "cikakke" a jikin akwati.

Magnum, P.I. (1980 zuwa 1988, zango takwas) ya fi sauƙin kallo: Tom Selleck, tsibirin Hawaii, jar Ferrari ta aro. Hattara da sabon da aka sake yi a 2018 mai suna iri ɗaya. Duba fuskar da ke bangon.

Mannix kuwa na masu son naushi ne, kashi 194 daga 1967 zuwa 1975. Zangon farko daban yake, Mike Connors, wanda ya fito a matsayin Mannix, yana aiki a kamfanin bincike mai dogaro da kwamfuta. Daga na biyu ne ya buɗe ofishinsa tare da sakatariyarsa Peggy, rawar da ta ba Gail Fisher kyautar talabijin ta Emmy a 1970. In zango ɗaya kawai za ka saya, tsallake na farkon. Peter Gunn na 1958 baƙi da fari ne, rabin sa'a kowane kashi, kiɗan Henry Mancini ne rabin daɗinsa.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Faifan DVD yana da lambar yanki: Amurka 1, Turai 2, Najeriya da Nijar 5. In na'urarka ba mai karɓar kowane yanki ba ce, faifan Amurka zai shiga ya ƙi tashi. A Blu-ray lissafin ya sauya: Amurka tana yankin A, Turai da Afirka suna B, shi ya sa bugun Ingila ya fi aminci a gare mu. Sai dai DVD na Turai tsarin hoton talabijin na can ne, wato PAL, yana gudu da kusan kashi 4 cikin 100 fiye da asali, muryoyi su ɗan yi siriri. Mai kunne yana ji.

Ƙirga faifai kafin ka biya. Kowane kashi na Rockford ko Magnum ya kusa minti 50, faifai na gaskiya kuma kashi huɗu ko biyar yake ɗauka. Wanda ya cusa zango guda a faifai ɗaya ya matse hoton, dare ya zama dunƙulen baƙi, kuma rabin aikin mai bincike da dare yake. Hoton asali 4:3 ne, wato siffar allon tsohon talabijin, da baƙin gefe dama da hagu a talabijin na zamani; in ya cika allo, an miƙe shi ko an yanke kawuna. Sannan ka juya bayan akwatin ka tabbata akwai rubutun magana a ƙasan hoto, don wasu bugu masu araha ba su da shi, Turancin Rockford kuma cike yake da zaurancen titi.