Faifan 4K ko kallo ta intanet?

Wani abokina a Gwarimpa ya sayi talabijin mai 4K, sai ga shi yana cigiyar faifai a Wuse. Na ce masa, kai da kake da Netflix?

Ashe yana da hujja. Hoton 4K ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, ko a faifai ko ta intanet. Amma faifan Ultra HD Blu-ray, wanda ya fito a 2016, yana ɗaukar gigabait 66 ko 100. Ta intanet kuwa matse fim ake yi, a Netflix awa ɗaya ba ta wuce gigabait 7. Shi ya sa in dare ya yi a fim, sai ka ga baƙin ya yi dabbare-dabbare. Faifai kuma naka ne, ba ranar da za a cire shi.

Sai dai tsada. Ga na'urar kunnawa, ga faifan sai an yi odarsa da dala. Kuma ba kowane fim ake bugawa a 4K ba: fim ɗin Roma na Netflix, wanda kamfanin Criterion ya fitar a faifai a 2020, ɗigo 1080 kawai gare shi a tsaye.

Ni kam intanet ta ishe ni, in akwai data.