Michelin ta gwanjo ko sabuwar 'yar China: wacce za ta jure kwaltar Sakkwato?

Ƙanena, ka ce Camry ɗinka mai taya 215/60 R16 tana bukatar tayoyi huɗu, kana yawan bin hanyar Birnin Kebbi, kana son wadda za ta kama titi in ka ɗan taka mota, amma kuɗinka ba su wuce na Michelin ta gwanjo ko sabuwar 'yar China ba. Ni dai sabuwar zan saya.

Ba raina Michelin nake yi ba. In duk biyun sababbi ne, ita da Bridgestone sun fi irin su Triangle, Westlake da Linglong riƙe birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, sun fi su shiru, galibi kuma sun fi su daɗewa. Sai dai ta gwanjo wani ya riga ya ci ƙuruciyarta a Turai. Roba tana bushewa da shekaru ko ba a hau ta ba, mu kuma a nan cikin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Tsohuwar roba a wannan gashi ita ce wadda kake ji ta fashe da tsakar rana alhali zanenta bai suɗe ba.

Don haka kafin ka dubi suna, duƙa ka karanta gefen tayar. Bayan haruffan DOT da ke rubuce a wurin, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, shekara huɗu suke ƙirga wa taya daga ranar ƙira. Ko sabuwar ma ka duba, don wata a shago ta tsufa.

Wani tarkon gwanjo shi ne tayar hunturu. In ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, don sanyin Turai aka yi ta. Robarta taushi gare ta, zanenta zurfi, ga kyau a ido, amma titinmu cinye ta yake yi kamar sabulu. Ga facin ciki da tsinkakkiyar waya da ba a gani sai ƙululu ya fito.

'Yar China ma ba kowacce ba. A gefen tayar, bayan girmanta akwai lambar nauyin da take ɗauka, sai harafin gudu; shi za ka nema: H tana ɗaukar kilomita 210 a awa, V 240, T kuwa 190. Ba don ka yi wannan gudun ba, Allah Ya kiyaye. Wadda harafinta ya fi ɗaukar gudu ta fi jure zafi ne. Inda aka rubuta Temperature, A ta fi B, B ta fi C. A Sakkwato ni C ko kyauta ba na so.

Na ji kana sha'awar ƙaton rim da siririyar taya irin ta samari. Lissafa: tsayin gefen 215/60, wato kashi 60 cikin ɗari na faɗinta 215, ya kai milimita 129, na 225/45 kuwa 101 kacal. Wannan bambancin shi ke shanye dukan rami. Bar motar yadda ta zo.

In kuɗin ba su kai na huɗu masu kyau ba, sayi biyu ka sa su a baya, ko da motar da gaba take ja; bayan mota in ya zame a damina ba ya jin sitiyari. Iska kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama, adadin yana rubuce a jikin ƙofar direba. Kada ka bar mai faci ya auna maka da dukan ƙarfe, sa shi ya ɗauko geji ka gani da idonka.